Shekara Nawa Baƙo Zai Yi Kafin Doka Ta Bar Shi Ya Zauna?

A cikin dokar shige da fice ta ƙasar Amurka akwai wani sashe, na 249, wanda ya ce duk baƙon da ya shiga ƙasar kafin ranar 1 ga watan Janairu na shekarar 1972, ya ci gaba da zama a cikinta ba yankewa, aka kuma shaide shi da halin kirki, to yana iya zuwa ofishin hukuma da ƙafarsa ya nemi a sa sunansa cikin waɗanda aka yardar wa zaman dindindin, ko da ta ɓarauniyar hanya ya shigo, ko kuwa bizarsa ta ƙare tun tuni. Wannan sashe yana nan daram, ba a soke shi ba. Amma mai karatu ya yi lissafi da kansa. Jaririn da aka shiga da shi goye a watan Disamba na 1971, yau ya ba shekara hamsin baya. Wanda ya shiga a 1975 kuwa, ya yi aure a can, ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki, wannan ƙofa ba tasa ba ce. Ƙofar a buɗe take, sai dai masu ikon bi ta cikinta sun daɗe da shigewa, wasunsu kuma sun riga mu gidan gaskiya.

Dalili biyu suka sa na ɗauko wannan zance. Na farko, tun daga watan Janairu na 2025, sa'ad da Shugaba Donald Trump ya koma kan mulki, gwamnatinsa ta sa korar baƙi marasa takarda a sahun gaba na ayyukanta, kuma cikin waɗanda abin ya shafa akwai 'yan Nijeriya da 'yan Nijar da 'yan Gana da suka tafi karatu ko neman abinci, takardunsu suka ƙare, suka yi zamansu. Na biyu kuwa, tambayar da ke gaban Amurka tana gaban kowace ƙasa mai iyaka da tuta, har da tamu. In baƙo ya shiga ba bisa ƙa'ida ba, ko ya wuce wa'adin da aka ɗiba masa, amma ya zauna shekara da shekaru lami lafiya, shin akwai ranar da hukuma za ta ce magana ta wuce, ko kuwa har ya mutu ƙafarsa ɗaya tana waje? Ni dai ra'ayina shi ne lalle a sami wannan rana, a rubuta ta cikin doka, ta riƙa tafiya tare da kalanda, kada a bar ta ga jinƙan wani shugaba ko alƙalamin wani minista.

Shari'a ta daɗe da sanin cewa daɗewa tana da hukunci. Ɗaliban shari'a sun san abin da ake kira hauzi a mazhabar Malikiyya, wanda kotunanmu ke aiki da shi. In mutum ya riƙe gona ko gida shekara goma, yana nomawa, yana gini yana rushewa, mai da'awar mallaka yana gari yana gani, ba abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to in ya taso daga baya alƙali ba zai saurare shi ba, muddin ba 'yan'uwantaka tsakaninsu. Hikimar ita ce shaidu sun mutu, an yi gine-gine, an ƙulla aure da ciniki bisa abin da kowa ke gani, tone-tone kuma zai jawo ɓarnar da ta fi gyaran yawa. Dokar Turawa ma ta san haka. A Amurka yawancin laifuffukan da gwamnatin tarayya ke hukuntawa, in aka yi shekara biyar ba a gurfanar da mutum ba, tuhumar ta faɗi ke nan. Ƙetare iyaka ba izini a karon farko ƙaramin laifi ne a dokarsu, hukuncinsa bai wuce ɗaurin wata shida ba, shi ma kuma yana faɗuwa bayan shekara biyar. Wuce wa'adin biza kuwa ko cikin laifuffukan ɗauri ba ya shiga. Kora ce kaɗai ba ta tsufa. Tun a 1893, a shari'ar wani mutumin ƙasar Sin mai suna Fong Yue Ting, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa kora ba horo ba ce, aikin mulki ne kawai, saboda haka kariyar da ake ba mai laifi ba ta hau kan wanda za a kora ba. Watau ɓarawo yana da ranar da zai yi barci da ido biyu rufe, amma mai wanke kwanuka a gidan abinci wanda bizarsa ta ƙare shekara talatin da suka wuce ba shi da ita.

Abin mamaki shi ne, a da ba haka Amurka take ba. Dokar 1891 ta ba hukuma shekara ɗaya tak ta kori wanda ya shigo ba daidai ba, ta 1917 ta mai da wa'adin shekara biyar, sai a 1924 aka cire shi ga masu shigowa ba biza. Ba a daɗe ba kuma majalisa ta ga an bar jama'a da yawa a rataye, yawancinsu Turawan da suka zo daga ƙasashen Turai, sai ta yi dokar rajista a 1929, ta ce wanda ya shigo kafin 3 ga Yuni 1921 ya zo a rubuta shi. Daga nan aka riƙa jawo ranar gaba lokaci lokaci. A 1940 aka mai da ita 1 ga Yuli 1924, a 1958 aka kai ta 28 ga Yuni 1940, a 1965 aka kai ta 30 ga Yuni 1948, a 1986 kuma aka tsai da ita a 1 ga Janairu 1972. Tun daga nan ba ta sake motsi ba. Duk wanda ya dubi waɗannan ranaku zai ga manufar a fili take: kimanin shekara goma zuwa ashirin na zama lafiya sun isa a yafe wa mutum yadda ya shigo. Kuskuren da aka yi shi ne rubuta rana tsayayya maimakon adadin shekaru, gama rana tsayayya sai majalisa ta zauna ta yarda kafin a taɓa ta, majalisar kuwa ta yi kusan shekara arba'in ba ta yarda da komai a kan wannan batu ba. A 2022 wasu 'yan majalisar wakilai sun kawo shirin doka mai cewa a bar ƙidayar rana, a ce duk wanda ya cika shekara bakwai. Shirin bai kai ko'ina ba.

A cikin wannan doka ta 1986 ɗin, wadda Shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu, aka yi afuwar da har yau ake tunawa da ita. Aka ce wanda yake ƙasar tun kafin 1 ga Janairu 1982, da wasu ma'aikatan gona, su fito a ba su takarda, mutum wajen miliyan 2 da dubu 700 suka samu. Reagan kuwa ɗan jam'iyyar Rifablikan ne, jam'iyyar da yau kalmar afuwa ta zama mata abin ƙyama. Amma afuwa irin wannan kamar yayyafi ce, sau ɗaya ake yinta ta wuce, wanda ya makara da wata guda ya rasa.

Abin da ya rage wa baƙon da ya daɗe a yau shi ne hanyar da ake kira soke kora, kuma a nan ne ya kamata mu daɗe, domin ita ce 'yan'uwanmu da ke can suke ji ana kiranta dokar shekara goma, suna ɗora mata burin da ba za ta iya ɗauka ba. Kafin 1996 ana kiranta dakatar da kora, sharuɗɗanta kuma da ɗan sauƙi: shekara bakwai na zama, halin kirki, da nuna cewa korar za ta jawo tsananin wahala ga mutumin kansa ko ga iyalinsa. A watan Satumba na 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu kan dokar da ta sake mata suna, ta kuma ɗaure ta tamau. Shekara bakwai suka koma goma. Wahalar mutumin kansa aka daina ƙirga ta sam, sai wahalar matarsa ko mijinta, ko iyaye, ko 'ya'ya, su ma sai in 'yan ƙasa ne ko masu izinin zaman dindindin. Wahalar kuma aka ce sai ta zama ta musamman, wadda ta wuce duk abin da aka saba gani in an kori mutum. Saboda haka gwauron da ya yi shekara ashirin da biyar yana aiki, ba shi da ɗa ba shi da mata a can, ba shi da abin faɗa gaban alƙali ko da bai taɓa taka ko kiyashi ba.

Yadda ake auna wannan wahala ya fito fili a shari'u biyu da hukumar ɗaukaka ƙara ta shige da fice ta yanke, waɗanda alƙalai ke bi. A 2001 ta duba ƙarar wani ɗan Meksiko mai suna Monreal, wanda ya shiga Amurka a 1980 yana yaro ɗan shekara goma sha huɗu, ya yi shekara ashirin a can, yana da 'ya'ya uku duk 'yan ƙasa. Hukumar ta yarda yaran za su sha wuya in sun bi ubansu, makarantarsu za ta ja baya, abin hannunsu zai ragu, amma ta ce wannan ai wahala ce da kowane korarre ke sha, ta ƙi shi. A 2002 ta amince wa wata mata mai suna Recinas, bazawara mai 'ya'ya shida, huɗu daga cikinsu 'yan ƙasa, wadda ba ta da kowa a Meksiko, ita kaɗai ke ciyar da su. To, mai karatu ya ga ma'aunin. Uban da ya riƙe gidansa da kyau, yaransa lafiyayyu, suna karatu, shi ne ba shi da hujja. Wanda ke da ɗa mai ciwon da ba a iya maganinsa a ƙasarsu ta asali, shi ne mai sa'a. Doka ce da ta mai da rashin lafiyar yaro jarin ubansa, kuma ban ga yadda mai hankali zai kira wannan adalci ba.

Har wa yau akwai maganar agogo. Shekara goman nan ba sa ci gaba da ƙirguwa har ranar shari'a. Ranar da hukuma ta miƙa wa mutum takardar sammaci, ranar agogonsa ya tsaya, ko da saura mako guda ya cika. In kuma ya fita ƙasar ya yi fiye da kwana 90 a tafiya ɗaya, ko kwana 180 in an haɗa tafiye-tafiyensa, lissafi ya rushe. Wannan doka ta 1996 ɗin dai ita ce ta ce wanda ya zauna ba izini fiye da kwana 180 in ya fita ba zai dawo ba sai bayan shekara uku, wanda ya kai shekara guda kuwa sai bayan goma. Sakamakon haka mutum yana ji mahaifiyarsa ta rasu a gida, ba shi da halin zuwa ko gaisuwar bakwai, sai dai ya yi kuka ta waya. Dokar da aka yi don a hana baƙi zama ita ce ta kulle su a ciki.

Kan wannan agogo an je har Kotun Ƙoli sau biyu. Hukuma ta saba aika wa mutane sammaci ba rana ba wuri, ta ce za a sanar daga baya, amma ta ce agogo ya tsaya tun daga takardar farko. A 2018, a shari'ar Pereira, wani ɗan Barazil, kotun ta ce takardar da ba ta faɗi lokaci da wurin zama ba ba ta isa ta tsai da agogo ba. Hukuma ta koma aika takarda biyu, ɗaya bayan ɗaya. A 2021, a shari'ar Niz-Chavez, kotun ta sake cewa a'a, takarda guda doka ta ambata, kuma hukuncin kusan duka ya rataya ne a kan wata 'yar kalmar Turanci mai harafi ɗaya da ke nuna abu guda ne. Ɗalibai su lura da wannan, don su san nauyin da harafi ke ɗauka cikin rubutun doka. Amma kuma abin takaici ne a ce zaman iyali duka ya dogara ga harafi ɗaya da kuskuren wani akawu.

Ko mutum ya tsallake duk waɗannan, akwai ƙayyadadden adadi. Doka ta ce ba za a ba fiye da mutum 4,000 wannan sassauci a shekara ba, a ƙasa duka. In adadin ya cika, alƙali ko ya gamsu sai ya ajiye hukuncin, a shiga layi na shekaru. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta cewa a 2017 marasa takarda a Amurka sun kai miliyan 10 da rabi, kuma kashi biyu cikin uku na manyansu sun wuce shekara goma a ƙasar. A ɗauka miliyan ɗaya kawai daga cikinsu suka cancanta. A kan 4,000 a shekara, sai an yi shekara 250 kafin a gama da su. Alƙalan da ke wannan shari'a kuma ma'aikatan Ma'aikatar Shari'a ne, ƙarƙashin Babban Lauyan Gwamnati, wanda yake iya juya hukuncinsu. Ba a ba wanda ake tuhuma lauya kyauta. A ƙarshen 2023 ƙararrakin da ke jiran hukunci a waɗannan kotuna sun haura miliyan uku.

Abu mafi muhimmanci ga wanda ke da ɗan'uwa a can shi ne wannan: soke kora ba takarda ba ce da mutum zai cika ya aika ofis. Ba a neman ta sai gaban alƙali, bayan hukuma ta riga ta buɗe shari'ar korar mutum. Watau sai ka shiga bakin kura kafin ka roƙe ta ta sake ka. 'Yan damfara sun ci kasuwa da wannan ƙwarai. Sukan ce wa mutum ai ka cika shekara goma, kawo kuɗi a nema maka koren kati, sa'an nan su shigar masa da takardar neman mafaka ta ƙarya don a tura shi kotu. Mutumin da yake zaune ba wanda ya san da shi, sai ya wayi gari da umarnin kora a hannu, kuɗinsa kuma sun tafi.

Da majalisa ta kasa, sai shugabanni suka koma yin faci. A watan Yuni na 2012 Shugaba Barack Obama ya kafa shirin DACA, wanda ya jinkirta korar waɗanda aka shigo da su suna ƙasa da shekara goma sha shida, ana sabunta musu izini duk shekara biyu. A 2017 gwamnatin Trump ta yi shelar soke shi, a 2020 Kotun Ƙoli ta ce ba a bi hanyar da ta dace wajen sokewar ba, aka ci gaba da ja-in-ja a kotuna. Yaran da aka yi shirin dominsu sun zama iyaye, suna ƙirga rayuwarsu shekara bibbiyu. Labarin mutanen Laberiya ya fi kusa da mu. Tun 1991, saboda yaƙin basasar ƙasarsu, aka ba su izinin zama na wucin gadi, shugaba bayan shugaba yana ƙara musu shekara ɗaya ko wata goma sha takwas, kullum suna jiran ranar ƙarshe da fargaba. Sai a watan Disamba na 2019 majalisa ta yi doka ta ce ɗan Laberiyan da yake ƙasar tun 20 ga Nuwamba 2014 ya nemi zaman dindindin. Shekara ashirin da takwas ana kiran abu na wucin gadi, 'yan layuka kaɗan na doka suka kashe maganar.

Masu sukar wannan ra'ayi suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa in ka yafe wa wanda ya karya doka, ka cuci wanda ya bi layi a ofishin jakadanci, ka kuma gaya wa na baya su taho. Suna nuna cewa bayan afuwar 1986 marasa takarda ba su ragu ba, sun tashi daga wajen miliyan uku da rabi a 1990 zuwa fiye da miliyan goma sha biyu a 2007. Gaskiya ne. Sai dai wannan doka ta 1986 ƙafa biyu gare ta, afuwa ga ma'aikaci da tara ga mai ɗaukarsa aiki, kuma ƙafa ta biyu ba a taɓa taka ta da ƙarfi ba, gama manoman lemo da masu mayankar kaji da 'yan kwangilar gini suna bukatar hannu mai araha, suna kuma da baki a majalisa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙasar da ta bar mutum ya yi mata aiki shekara goma sha biyar, hukumar harajinta ta ba shi lamba ta musamman don ya biya, ta karɓa, ita ce mai gonar nan da ke gari yana gani ya yi shiru. Wata cibiyar nazarin haraji ta can ta ƙiyasta cewa a 2022 kaɗai marasa takarda sun biya harajin da ya haura dala miliyan dubu 96. Game da wanda ya bi layi kuwa, a biya masa hakkinsa ta hanyar sa wa mai neman sassauci tara, a karɓi bashin harajin da ake binsa, a sa shi ƙarshen layin zama ɗan ƙasa. Mai kisa da mai fataucin ƙwaya ba su cikin wannan magana tun farko. Hukuma tana da shekara goma cur ta kama mutum ta mai da shi, in ta so. Abin da nake ƙi shi ne ta yi barci shekara ashirin, ta farka ta rushe gida.

Ingila tana da irin ƙidayar da nake nufi, ko da yake doguwa ce. Tun 2012 wanda ya yi shekara ashirin a ƙasar, da takarda ko babu, yana iya neman izinin zama, kafin nan kuwa shekara goma sha huɗu ne. Amma Ingila ɗin ce kuma ta nuna cewa haƙƙi a littafi ba ya amfani in ba hanyar tabbatar da shi. Mutanen tsibiran Karebiyan da suka fara isa a jirgin ruwan Empire Windrush a 1948, da waɗanda suka biyo bayansu, dokar 1971 ta ba su zaman dindindin in sun zauna kafin 1 ga Janairu 1973, ba tare da an ba yawancinsu wata takarda a hannu ba. A 2010 Ofishin Harkokin Cikin Gida ya lalata katunan saukarsu da ke ajiye. Da aka tsananta bincike bayan 2012, sai aka riƙa ce wa tsofaffin da suka zo suna yara su kawo shaidar kowace shekara da suka yi. Wasu suka rasa aiki, wasu aka hana su magani, wasu aka tsare su, gwamnati kuma ta amsa cewa aƙalla mutum 83 mai yiwuwa ne an fitar da su bisa kuskure. Sakatariyar ofishin, Amber Rudd, ta yi murabus a watan Afrilu na 2018. Ma'aikatan rajista da ke karanta wannan shafi su riƙe wannan labari duk ranar da aka ce su share tsofaffin fayil don a sami wurin ajiye sababbi.

Kada kuma mu zauna muna nuna Turawa da yatsa kamar namu hannun wankakke ne. Mu a Afirka ta Yamma mun ɗanɗana kora, mun kuma ɗanɗana wa wasu. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya fita. Hausawan zango a Kumasi da Akra da Salaga, waɗanda kakannin wasunsu suka je fataucin goro Gwanja tun kafin Bature ya ja iyaka, da Yarbawa 'yan kasuwa, da Zabarmawa da Mosawa, duk guguwar ta taɓa su, har da waɗanda aka haifa a can ba su san wani gida ba. Fiye da mutum dubu ɗari suka fita, aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Ranar 17 ga Janairu 1983 kuma Ministan Harkokin Cikin Gida na Nijeriya, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙi marasa takarda zuwa ƙarshen wata su bar ƙasa. Ana ƙiyasta wajen mutum miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, har jakar da suka zuba kayansu ta sami sunan da ake kiranta da shi har yau. Yawancin waɗannan ba su daɗe da zuwa ba, arzikin man fetur ne ya jawo su. Amma ba wani rariya da aka sa don a tace wanda ya zo bara daga wanda ya yi shekara ashirin yana koyarwa ko ɗinki a unguwa. A 1969 da 1983 duka, sanarwa ɗaya ta rediyo ce ta yi aikin da ya kamata alƙali ya yi wa kowane mutum shi kaɗai.

Wanda yake zaton wannan matsalar baƙi ce kawai, ya tuna da Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno ƙarƙashin jam'iyyar GNPP. A watan Janairu na 1980 aka ɗauke shi daga Maiduguri aka tsallakar da shi iyakar Cadi bisa umarnin minista, da hujjar cewa mahaifinsa ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta rushe umarnin, ta tabbatar ɗan ƙasa ne, ta sa a biya shi diyya. Shi yana da jam'iyya da lauyoyi da jaridu a bayansa. Talakan da ke zaune tsakanin Katsina da Maraɗi, ko tsakanin Mubi da Marwa, wanda aka haifa a ɗaki ba takardar haihuwa, uwarsa ta wannan gefe ubansa na wancan, wa zai tsaya masa?

Tsarin mulkinmu na 1999 ya hana a kori ɗan ƙasa, a sashe na 41. Ga baƙo kuwa, sashe na 27 ya ba shi damar neman zama ɗan ƙasa bayan shekara goma sha biyar, amma sai Shugaban Ƙasa ya gamsu, sai Gwamnan jiharsa ya shaida jama'ar wurin sun karɓe shi. Wannan hanya ce ta babban ɗan kasuwa mai lauya a Abuja. Sashe na 26 kuma ya sauƙaƙa wa matar da ɗan Nijeriya ya aura, ya yi shiru game da mijin da 'yar Nijeriya ta aura, ko da 'ya'yansu goma. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin kwana 90 ba biza, kuma ba ta hana abin da ya faru a 1983 ba.

Abin da nake roƙon Majalisar Tarayya shi ne ta rubuta matsakaiciyar hanya, tun muna cikin kwanciyar hankali, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A ce baƙon da ya cika shekara goma a Nijeriya ba a same shi da babban laifi ba, yana da haƙƙin neman izinin zaman dindindin, a rubuta adadin shekaru, kada a rubuta rana. Ya iya zuwa ofishin shige da fice na jiharsa da kansa, kuma zuwan nasa kada ya zama dalilin kama shi. In an ƙi shi, a ba shi dalili a rubuce, ya sami damar zuwa Babbar Kotu kafin a sa shi a mota. Wajen shaida kuma a dubi yadda jama'armu suke rayuwa: a karɓi rasidin haraji da na rumfar kasuwa, da rajistar makarantar 'ya'yansa, da katin asibiti, da shaidar mai unguwa da limami ko fasto tare da maƙwabta biyu da za su rantse. In kuwa hukuma ce ta ɓatar da nata littafin, ko gobara ta cinye shi, ko gara, to a rubuta ƙarara cikin dokar cewa nauyin kawo hujja ya koma kanta.